Birkin Caji a Gangaren Rafi

Ni na koya wa Sista Phoebe hawa babur mai batir, kuma ni na kayar da ita, ko da yake safiyar da ta faɗi ina zaune a Ƙofar Dumi ina cin ƙosai.

Sunana Ashiru. Na bar makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare. Ba korata aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na taɓa ɗinki wata huɗu, na yi gyaran waya a kasuwar Wunti shekara guda da 'yan kai, na bi motar kaya zuwa Jos sau biyu na dawo. Daga ƙarshe na sauka a garejin ƙanen mahaifiyata, Kawu Ɗanlarai, wanda ya shekara talatin yana gyaran babura a bakin lungunmu. Shi ma da tuni na bar shi, ba don baburan nan masu batir sun zo ba.

Wata ƙungiya ce mai taimaka wa ƙananan asibitocin ƙauye ta kawo guda shida, ta ba garejinmu aikin kula da su. Kawu ya zagaya ɗaya sau biyu. Ya leƙa inda ya saba ganin inji bai ga komai ba, babu tanki, babu salansa, babu kulochi. Injin yana cikin tayar baya, a rufe ruf. Ya miƙe ya goge hannu ya ce, "Wannan ai waya ce aka sa wa taya. Kai da ka san waya, ga naka nan." Ban taɓa jin an ce wani aiki nawa ne ba sai ranar.

Biyar an ba maza. Na shida Sista Phoebe aka ba. Ma'aikaciyar lafiya ce, mutuniyar Tafawa Ɓalewa, ta girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Ita ke kai allurar rigakafin yara ƙauyukan da ke bayan Miri. A da sai ta tsaya jiran wanda zai ɗauke ta, har rana ta yi, ƙanƙarar da ke cikin akwatin allurar ta fara narkewa. Ta fi shekara tana roƙon shugabansu, Malam Hammajoda, ya ba ta abin hawa nata. Da ya ba ta, sai ya ce gwaji ne. In ta iya, akwai wata abokiyar aikinta, Saudatu, da za a ba na gaba.

Mako uku ina koya mata a filin firamare bayan la'asar. Ita ce ta fara kirana Injiniya. Da farko na ɗauka tsokana ce, daga baya na ga har gaban mutane haka take kirana. Da damina ta kama, sai na ba ta darasin da kowane mai babur a Bauchi ya sani.

"Sista, in kin shiga santsi abu ɗaya ne. Saki totur, kar ki taɓa birki. Bar shi ya gangara da kansa."

"Saki totur, kar a taɓa birki," ta maimaita. Har a bayan wani katin rigakafi ta rubuta.

Darasin daidai ne, muddin babur ɗin yana yadda ya zo.

Matsalar da ta riƙa dawowa da ita guda ce: batir. Layi biyar ne a allonsa. In ta zagaya ƙauyuka huɗu, sai ta shigo gari da layi ɗaya yana ƙifta ido. Akwai benci a ƙofar garejinmu, ƙarƙashin darbejiya, inda masu jiran gyara da marasa aikin yi suke zama. Usama mai faci shi ne limamin wurin.

"Injiniya!" in ji shi. "Ga wayarka ta dawo tana neman caji. Ku ɗaura mata janareta a baya mana, ku huta."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma abin ya ci mini rai.

Na shiga bincike a waya har na sami wani bidiyo. Ashe babur ɗin yana da abin da muke ce wa birkin caji. In ka saki totur, injin da ke cikin tayar baya sai ya juye ya riƙa riƙe tayar, ƙarfin da ya riƙe ɗin kuma ya mayar da shi batir. Mataki uku ne. Na ɗaya ba ka ma jin sa, a kansa baburan suka zo. Na uku kuwa riƙo ne na gaske. Mai bidiyon ya nuna yadda ake danne maɓalli biyu tare har wani ɓoyayyen shafi ya fito a allo. Bidiyon minti goma sha ɗaya ne. A minti na huɗu na riga na ga abin da nake so, na rufe.

Na sa babur ɗin Sista a na uku, na fita da shi kan titin Jos da rana tsaka, kwalta a bushe. Na saki totur, sai na ji kamar wani ya kamo rigata ta baya a hankali. Wata koriyar fitila ta kama, alamar wuta tana komawa batir. Na yi ta saki ina kamawa kamar yaro da sabon abin wasa.

Ban gaya mata ba. Na juya wannan a raina sau da yawa, ina neman wani dalili mai ɗan kyau, ban samu ba. So nake ta dawo da layi uku, ta tsaya a gaban bencin nan ta ce, "Injiniya, me ka yi masa?" Ni kuma in ɗaga kafaɗa, Usama yana kallo. Iyakar dalilin ke nan.

Aka kwana ana ruwa. Da safe ta ɗauki babur ta tafi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gareji, wasu manoma biyu suka sauke babur ɗin, jan taɓo tun daga fitila har lamba. Madubi ɗaya ya karye. Suka ce a gangaren rafi ne, inda hanya take sauka bayan an bar kwalta. Suna gona suka ga bayan babur ɗin ya wulƙito gaba, ta faɗi a kan hannunta. Akwatin ya buɗe, kwalaben allura da ƙanƙara duk a cikin laka. An kai ta asibiti, wuyan hannun dama ya tsage. Matan da suka taru da goyo a ƙauyen suka jira har rana ta yi, suka watse.

"Dama!" in ji Usama. "Mace da mashin a damina? Ai an gode Allah da ba a cikin rafin aka tsamo ta ba."

Kawu ya ce, "Kai, rufe mana baki. Ashiru, wanke shi ka duba."

Na tura shi baya wajen famfo. Tun kafin in zuba ruwa na san abin da ya faru, jikina ya sani ko da kaina bai gama lissafawa ba. Na waiga, babu mai kallona. Na goge allon da gefen rigata, na danne maɓallan nan biyu, na mayar da shi na ɗaya. Sannan na wanke shi tas, har tsakanin wayoyin taya.

Bayan kwana huɗu ta zo a Keke Napep, hannunta a naɗe an rataye shi a wuya. Ba ta kalli benci ba, ta shigo ciki kai tsaye ta gaida Kawu.

"Baba, sannu da aiki. Injiniya, ka duba shi?"

"Na duba, Sista. Ya jiki?"

"Jiki da sauƙi. Me ka gani?"

"Madubi ne kawai. Sauran lafiyarsa ƙalau."

"Ka san tun a kwalta na ji shi wani iri. In na saki sai ya yi nauyi. Na ce ai hannun Injiniya ya fito, ƙila gyara ne. Da na zo gangaren, na yi yadda ka koya mini. Na saki totur, ban taɓa birki ba. Sai na ji kamar an riƙe tayar baya da hannu."

"Mutanen rafi ne suka riƙe," Usama ya jefo daga waje. "Ba sa son allura."

Dariya ta tashi. Kawu ya ce, "Hau shi ka gwada mata, ta gani da idonta."

Na hau, na je ƙarshen lungu, na saki totur a gabanta. Babur ya gangara sumul, ba riƙo ba komai. Ta bi shi da ido. Ta sa hannunta mai lafiya ta murza totur ɗin ta saki, ta sake murzawa.

"To," ta ce a hankali. "Ƙila na matsa birkin ban sani ba. Tsoro yana sa haka, ko?"

"Yana sawa," na ce.

Ni na faɗi haka, da bakina.

Ta ce Malam Hammajoda ya yanke shawara. In hannunta ya warke, za ta koma tebur a ofis, rubuta sunaye. Babur ɗin za a ba wani namiji ranar Litinin. Maganar Saudatu kuma an ajiye ta. Ta faɗi wannan ba tare da muryarta ta canza ba, ta yi wa Kawu sallama, ta ce mini, "Ka yi ƙoƙarinka, Injiniya. Ɗalibar ce ba ta ja ba."

Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na zauna a bayan gareji a kan wata tsohuwar taya, na nemo bidiyon nan, na kalle shi har ƙarshe. A minti na takwas mutumin ya tsaya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yana nuni da hannu. Birkin caji tayar baya kaɗai yake riƙewa. A gangare kuwa nauyi gaba yake komawa, baya ya yi sakayau. In ƙasa da santsi, ƙaramin riƙo ya isa tayar ta daina juyawa daidai da tafiya, ta fara ja, bayan babur ya zame gefe. Ya ce in za ka shiga laka ko yashi, ka sauko na ɗaya. Ya faɗa sau biyu. Minti huɗu ne tsakanin inda na rufe da inda ya faɗa.

Da ta matsa birki da kanta, da ta iya saki. Wannan kuwa ba ta san ma yana nan ba. Abin da na ce ta yi don ta tsira, shi ne ya kunna shi.

Alhamis ta wuce, Jumma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Na yi tunanin bin motar kaya in tafi Jos, har na yi wa direban waya. Tafiya ita ce abin da na fi iyawa. Amma na san duk inda na je, ranar Litinin za ta zo, wani zai zo ya ɗauki makullin, ita kuma ta zauna a tebur tana ganin hannunta ne ya ci amanarta.

Lahadi da yamma na gaya wa Kawu. Yana wanke kabureta a cikin kwanon fetur, bai ɗago ba har na gama.

"Da ka canza, ka gaya mata?"

"A'a."

"Da ta faɗi, ka mayar?"

"E."

"Da ta zo ta tambaye ka a gabana?"



Ya ɗago ya dube ni. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce, "Na farkon wauta ce, kowa yana yi. Na biyu da na uku ban san inda ka koyo su ba. Ba a nan ba." Ya koma kan aikinsa. "Gobe da safe kai za ka kai makullin ofis. Ba zan raka ka ba."

Malam Hammajoda dogon mutum ne mai magana a hankali. Ya saurare ni yana juya biro. Sista Phoebe tana can gefe a wani tebur, tana ƙoƙarin rubutu da hagu. Ban iya kallon wajen ba.

Da na gama sai ya yi murmushi. "Ashiru, kai yaron kirki ne. Na san kana tausayinta, ni ma ina yi. Amma ba sai ka ɗora wa kanka laifi ba."

"Yallaɓai, wallahi ba tausayi ba ne."

"Babur ya kayar da mutum don an danna maɓalli? Maza biyar suna hawa irinsa, wa ya faɗi?"

"Nasu a na ɗaya suke, Yallaɓai. Nata kaɗai na taɓa."

"To ai ga shi a na ɗaya."

"Ni na mayar."

Ya girgiza kai. Na ga ya riga ya gama da maganar. Na share duk wata shaida da hannuna, na wanke ta da omo. Sai na ji bakina yana cewa, "A je wurin. In sauka a gabanku sau biyu."

Sista Phoebe ce ta amsa, ba ta ɗago daga takardarta ba. "A je, Yallaɓai."

Na hau babur ɗin, suka biyo ni a motar ofis. An yi yayyafi da asuba, gangaren yana nan yadda manoman suka faɗa, jar ƙasa mai sheƙi, dawa ta yi tsayi a gefe da gefe, rafin yana ƙasa da ruwa iya idon sawu. Har lokacin ana ganin inda ta zame, dogon zane a cikin laka. Manoman nan biyu suka fito daga gona da fartanyoyinsu, wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya.

Na nuna wa Malam Hammajoda allon, lamba ɗaya. Na hau, na taho da gudun da take zuwa da shi, na saki totur a bakin gangaren. Na ɗaga yatsuna daga birki don kowa ya gani. Babur ya sauka yana ɗan rawa, ya ratsa ruwan, ya haye.

Na dawo da shi sama. Na miƙa wa Sista Phoebe kan babur ɗin na ce, "Ke ki danna, Sista. Wannan da wannan, tare."

Ta danna da hagu. Shafin ya fito. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kai shi na uku.

Na san abin da zai faru, kuma sanin bai taimaka ba. Ina sakin totur na ji riƙon nan da na yi ta jin daɗinsa a titin Jos. Tayar baya ta yi wani ɗan kuka a cikin laka, bayan babur ya fita ta dama kamar ba nasa ba. Na ga dawa, na ga sama, sai ga ni kwance da rabin fuska a taɓo, taku biyu daga zanen da ta bari.

Ɗaya daga cikin manoman ya ce, "Haka! Wallahi haka nata ya yi!"

Ba wanda ya yi dariya. Na tashi zaune, gwiwata tana jini ta cikin wando. Ta sauko a hankali ta gefen ciyawa, tana riƙe da hannunta, ta tsaya a kaina.

"Ka saki totur?"

"Na saki."

"Ka taɓa birki?"

"A'a."

"Ko tsoro ne ya sa ka matsa ba ka sani ba?"

Na sunkuyar da kai. Laka tana ɗiga daga haɓata.

"Kwana tara," ta ce. "Kwana tara ina kwanciya ina tambayar hannuna." Ta juya ta ce wa direba ya miƙo akwatin magani, ta sa shi ya wanke mini gwiwar tana gaya masa yadda zai yi.

Aka ɗora babur ɗin a bayan motar, na shiga. A hanyar dawowa Malam Hammajoda ya ce babur ɗin zai jira ta har hannun ya warke, a ajiye shi a ofis. Maganar Saudatu za a sake dubawa. Ni kuma ya ce zai yi magana da Kawu, amma daga yau duk abin da aka taɓa a baburan nan, a rubuta a takarda mai shi ya sa hannu, kuma ba ni kaɗai zan riƙa taɓa su ba. Na ce to.

Na ɗauka an gama. Da motar ta sauke ni a ƙofar gareji, sai Sista Phoebe ta sauke gilashi.

"Ashiru."

Ba Injiniya ba.

"Ofis ba su yi mini dariya ba. A nan aka yi." Ta nuna benci da haɓa. "Faɗa musu."

Mutum bakwai ne a zaune, Usama a tsakiya da tiyub ɗin taya a hannu. Na tsaya a gabansu da taɓo har cikin kunne, na faɗa tun daga farko: janaretan da ya ce a ɗaura, bidiyon da ban gama ba, abin da na yi a wajen famfo. Kawu yana ciki yana ji, bai fito ba. Da na gama, Usama ya buɗe baki kamar zai yi wasa, ya dubi motar, ya rufe. Gilashin ya ɗaga, suka tafi.

Ta koma hanyarta a ƙarshen damina. Yanzu ita take saita shi da kanta: na uku a kwalta, tana isa inda ake ratsewa ta tsaya ta mayar na ɗaya. Tana dawowa da layi biyu, wani lokaci uku. Takan kawo shi gareji, ta gaida Kawu, ta tsaya a kaina har in gama, ta karanta takardar kafin ta sa hannu.

Labarin faɗuwarta dai ya riga nawa fita. Makon jiya wani mai keke da ban sani ba ya zauna a bencin yana ba da shi, wai wata nas ce aka ba mashin ta kasa riƙewa. Na ajiye sifana na fito na ce masa ba haka aka yi ba, ni ne. Ya dube ni kamar na taɓu, ya ce shi dai haka ya ji. Sai na zauna na faɗa masa tun daga farko. Karo na biyar ke nan.